Hannun ɗan kallo ya shigo hoton damben da zan kai gasa, in goge shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina karanta aikin jarida a wata kwalejin kimiyya da fasaha, kuma ɗaukar hoto ne ɓangaren da na fi mayar da hankali a kai. Akwai gasar hotunan wasanni da nake son shiga, saura mako uku a rufe karɓa. Na je gidan dambe na ɗauko hotuna da yawa, na tace su har suka rage biyu. Na farko daidai lokacin da naushi ya sauka ne, amma wani ɗan kallo ya ɗaga waya a baya, hannunsa ya fito kamar daga kafaɗar ɗan damben ya tsiro, kuma hoton ya ɗan yi dishi-dishi. Na biyu wani ɗan dambe ne na roƙa ya tsaya ya nuna mini hannun zarensa, shi kam ya fito tar. Abokina ya ce in goge hannun da manhajar AI, in mayar da hoton baƙi da fari, babu wanda zai gane. Kyamarata ƙarama ce, gilashin gaba, wato lens, da ya zo da ita mai milimita 18-55 gare ni, sai mai 50 da nake ara. Wanne zan tura, kuma yaya zan gyara shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka goge hannun nan. Amsar ke nan a taƙaice. Abin da zai biyo baya dalili ne, da kuma yadda za ka yi amfani da mako ukun da ya rage, don a ganina ba a gaban kwamfuta matsalarka za ta warware ba.

Akwai labarin da ya yi kama da naka har da ban mamaki. A shekarar 2010, gasar World Press Photo, wadda ake shiryawa daga Amsterdam tun 1955, ta ba wani mai ɗaukar hoto, Stepan Rudik, matsayi na uku a ɓangaren wasanni, kan jerin hotunan samari masu damben titi a birnin Kiev na Yukren. Ɗaya daga cikin hotunan na hannun wani ɗan dambe ne ana naɗe shi da bandeji, kusan irin ɗaurin zaren da ka sani. A asalin hoton, ƙafar wani mutum da ke tsaye can baya ta leƙo daf da hannun, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Rudik ya goge ta. Da masu gasar suka karɓi asalin fayil suka gwada da wanda ya aiko, sai suka janye kyautar. Ka lura da abubuwan da ya yi wa hoton waɗanda ba su jawo masa komai ba: ya datse shi sosai, ya mayar da shi baƙi da fari, ya ƙara masa duhu. Duk ba a kansu aka kore shi ba, a kan guntun ƙafa ne. Hujjarsa ita ce ƙafar ba ta canza ma'anar hoton ba, kuma da yawa sun yarda da shi a kan haka. Amma dokar ba ta bambanta abu mai muhimmanci da marar muhimmanci ba, abin da ke cikin hoto ne gaba ɗaya ta hana a taɓa.

Bayan shekara biyar, a gasar 2015, kashi 20 cikin ɗari na ayyukan da suka kai zagayen dab da na ƙarshe aka yi waje da su saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Ɓangaren jerin hotunan wasanni ya sha duka har ta kai ba a samu wanda za a ba matsayi na uku ba. Waɗannan ƙwararru ne da suka fi abokinka iya manhajar gyaran hoto ta Photoshop nesa ba kusa ba.

Maganar cewa babu wanda zai gane, ga yadda ake ganewa. Manyan gasa kan nemi duk wanda ya kai zagayen ƙarshe ya turo fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton kamar yadda kyamara ta ajiye shi. Wanda ya ɗauka da JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, World Press Photo kan buƙaci ya haɗo da hotuna uku da suka gabace shi da uku da suka biyo bayansa. Sai a ɗora naka a kan asalin, a riƙa kunna ɗaya ana kashe ɗaya. Hannun da ke ɓacewa yana dawowa ko yaro zai gan shi. To a ce gasar taku ƙarama ce, ba ta da mai wannan bincike. Ka tuna abin da mutumin nan yake yi da wayar da kake son gogewa: bidiyo yake ɗauka. Shi da wasu da dama a filin. Wannan turmin yana Facebook ko TikTok tun daren ranar, daga kusurwa daban-daban, kuma masu bin dambe sun san kowane kisa da wanda ya tsaya a ina. Ranar da hotonka ya ci kyauta ya yaɗu, su ne alƙalan da ba ka yi lissafi da su ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kana farkon sana'ar da jarinta shi ne a yarda da abin da ka kawo.

Akwai gasar da ta yarda da haɗa hotuna da gogewa da ƙari, irin ɓangarorin ƙirƙira da zane. Ko a can ma ana son ka faɗi abin da ka yi. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci ɓangaren ƙirƙira na gasar Sony World Photography Awards da hoton da AI ta haɗa, ya ƙi karɓar kyautar, kuma tun daga nan gasa da yawa suka ƙara tsaurara sharuɗɗansu a kan wannan. Amma hoton wasanni kusan ko'ina a ƙarƙashin aikin jarida yake zama. Saboda haka ka ɗauka dokar jarida ce a kanka, sai in takardar sharuɗɗan ta faɗi akasin haka ɓaro-ɓaro.

Abin da dokar jarida ta bar maka yana da yawa. Za ka iya datse gefen hoto. Za ka iya daidaita haske, ka ɗan ɗaga inuwa a fuska, ka rage ƙyallin farar riga, ka gyara launin da fitila ta karkatar. Za ka iya cire ɗigon ƙurar da ta zauna a cikin kyamara, don ita ba a filin take ba, a na'urarka take, kuma duk mai ɗaukar hoto a lokacin hunturu ya san wannan ɗigon. Za ka iya mayar da hoto baƙi da fari. Abin da ba za ka yi ba shi ne ƙara abu, ko cire abu, ko matsar da shi, ko juya hoton dama ta koma hagu. Akwai kuma wata dabara da ɗalibai ke ɗauka halas ce, alhali ba ita ba ce: a yi ta duhunta bayan hoto har hannun ya nutse cikin baƙi. Wannan ma gogewa ce, an dai bi ta bayan gida. Idan abu yana nan a asalin hoto amma ba a ganinsa a naka, ka cire shi ke nan, ko da wane maɓalli ka yi.

Game da baƙi da fari, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce me launi yake yi a hoton. Idan wasan dare ne, fitila ɗaya fara, ɗaya ruwan ɗorawa, fatar mutane ta koma kore-kore, ga allunan talla suna jan ido, to cire launi zai taimaka. Idan kuwa bayan la'asar ne, rana ta karkata, ƙura ta tashi ta yi ja, jikin ɗan dambe ya sha gumi da ƙasa, ka cire launi ka zubar da rabin hoton. Abokinka kuma ba don ɗayan biyun nan ya ba ka shawarar ba, don a ɓoye tabon gogewa ne.

Yanzu dishi-dishin. Buɗe hoton a kwamfuta, ba a waya ba, ka zuƙo shi ɗari bisa ɗari a kan idon ɗan damben. Idan ido da fuska sun fito tar, hannun zaren ne kawai ya yi dishi-dishi saboda gudu, ba ka da matsala, wannan ma ƙarin armashi ne, yana nuna ƙarfin naushin. Idan kuwa 'yan kallo ne suka fito tar, 'yan damben suka yi hazo, kyamarar ta kama baya ta saki gaba. Idan komai da komai ya yi hazo, shata, wato marfin da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara lokacin ɗauka, ta yi jinkiri ko hannunka ya motsa. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su da magani. Manhajojin da ke cewa suna dawo da kaifin hoto ƙirƙiro gashin ido da layin fata suke yi daga abin da suka koya a fuskokin wasu, ka ga an koma gidan jiya.

Hoto na biyu, wanda ka roƙi mutum ya tsaya. Ba laifi ba ne, hoton mutum fanni ne mai zaman kansa, muddin ka rubuta a bayani cewa tsayawa ya yi don a ɗauke shi. Amma in ka saka shi a ɓangaren da ake neman abin da ya faru a fili, ka bar alƙalai su ɗauka haka ka tarar da shi, wannan ma karya doka ce. Sannan in faɗa maka gaskiya: ɗan dambe tsaye, ya ɗaure fuska, ya miƙo dunƙulallen hannu ga kyamara, shi ne hoton farko da duk baƙon da ya shiga gidan dambe yake ɗauka. Masu ɗaukar hoto daga Legas da Turai sun yi shi sau ba adadi, da fitilu da kayan da suka fi naka. Idan ka kai wannan, kana gasa da su a inda suka fi ka. Inda ka fi su shi ne kana jin abin da makaɗi ke faɗa, ka san wane ne maigidan wane, ka san me ya sa fili ya yi tsit lokacin da wani ya taso. Hotonka ya kamata ya fito daga wannan sanin.

Shi ya sa nake zargin hoton da za ka kai gasa ba ya cikin biyun nan. Wataƙila yana cikin memori, cikin waɗanda ka tsallake. Mai ɗaukar hoto yakan zaɓa da tunanin wahalar da ya sha: wannan na daɗe ina jiransa, wannan sai da aka ture ni. Alƙalin gasa bai san wannan ba, kuma ba ruwansa. Gasa irin World Press Photo tana karɓar hotuna sama da dubu hamsin a shekara, zagayen farko kallo ne na 'yan daƙiƙoƙi. Koma ka duba abin da ka ɗauka kafin naushi da bayansa. Lokacin da ake ɗaure zare, mai ɗaurin ya ja igiya da dukkan ƙarfinsa, ɗan damben yana kallon wani wuri. Lokacin da aka yi kisa, wanda ya faɗi yana ƙasa, alƙalin wasa ya shiga tsakani, magoya baya sun kwararo fili. Mai kalangu ya durƙuso yana zuga gwaninsa. Kuɗin liƙi manne a goshi mai gumi. Fitar da kamar ashirin, ka kai a wanke maka su ƙanana, ka baje su a tabarma, ka kira mutum biyu: ɗaya wanda ya san dambe, ɗaya wanda bai taɓa shiga gidan dambe ba. Kada ka yi musu bayani. Hoton da hannun su biyun ya fara kaiwa gare shi, ka dube shi da kyau, ko da ba shi ne kake so ba.

Amma shawarata ta gaske ita ce ka koma fili. Mako uku gare ka, kuma manyan gidajen dambe irin na Ado Bayero Square a Kano ko na Dei-Dei a Abuja ba sa daɗewa ba a sa zare ba. Hannun ɗan kallo matsala ce ta wurin zama, kuma a wurin zama ake magance ta.

Shahararren hoton dambe a duniya, wanda Muhammad Ali ke tsaye a kan Sonny Liston yana daka masa tsawa, Neil Leifer ne ya ɗauke shi ranar 25 ga Mayu 1965 a garin Lewiston na jihar Maine a Amurka, yana da shekara 22. In ka duba tsakanin ƙafafun Ali za ka ga wani mai ɗaukar hoto a ɗaya gefen, Herb Scharfman, abokin aikinsa a mujalla ɗaya kuma wanda ya girme shi a sana'ar. Shi bayan Ali kawai yake gani. Ƙwarewa ba ta raba su ba, kujera ce ta raba su. Kuma ka lura babu wanda ya goge Scharfman, ko sauran 'yan jaridar da ke kewaye. Suna nan, sun zama ɓangaren hoton.

A damben gargajiya akwai abin da zai taimake ka zaɓar gefe. Mai zare a hannun dama yakan sa ƙafar hagu gaba, ya miƙa hannun hagu a buɗe yana kare kansa, hannun zaren yana baya a ɗane. Ƙirjinsa da fuskarsa suna buɗewa ne ta gefen damansa. Idan na-dama biyu suka haɗu, duk inda ka zauna ƙirjin ɗaya za ka gani da bayan ɗaya, sai ka zaɓi wanda kake sa ran zai yi kisa, ka zauna ta gefen hannun zarensa. Amma idan bahago ya haɗu da na-dama, su biyun gefe guda suke buɗewa. Fuska biyu, ƙirji biyu, zare biyu, duk suna kallonka. Wannan shi ne wasan mai hoto. Tambayi masu gida tun kafin a fara ko akwai bahago a cikin waɗanda za su taka. Suna zagayawa, gaskiya ne, ba za su tsaya maka wuri ɗaya ba, amma ka san lokacin da za ka ɗaga kyamara da lokacin da za ka jira.

Sai tsayi. Yawancin ɗalibai a tsaye suke ɗauka, kyamara daidai ido, shi ya sa kan ɗan dambe ke haɗuwa da layin 'yan kallo, hannaye da wayoyi suna tsirowa daga kafaɗu. Zauna a ƙasa, ko ka durƙusa, kyamara kusa da gwiwa. Nan take 'yan damben za su yi sama, bayansu ya zama sararin sama ko rufin rumfa, 'yan kallo su koma ƙasa da ƙugunsu. Kafin a fara wasa ka zagaya filin kana leƙawa ta kyamara, ba mutane kake nema ba, bayan da ya fi tsabta kake nema. Ka same shi, ka zauna, ka bar wasa ya zo maka. Wannan sai da izini. Je da wuri, ka gaida masu gidan da alƙalan wasa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi da hotunan, su nuna maka inda ba za ka tare wa kowa ba. Kada ka kunna filasha a fuskar mutumin da ke jiran naushi.

Rana kuma, hanya mai sauƙi ita ce ka ba ta baya, haske ya sauka a jikinsu. Hanya mai wuya, wadda ta fi ba da hoton gasa, ita ce ka fuskance ta a karkace, ta yadda hasken zai ratso ƙura da gumin da ke fantsama idan naushi ya sauka. A nan kyamara za ta ruɗe ta duhunta mutanen, sai ka ƙara haske da kanka. Gwada a wasannin farko na yamma, kafin manya su fito.

Cire gilashin 18-55 ka ajiye. Idan ka zuƙo shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Mai 50 ɗin da kake ara, in irin wanda ɗalibai suka fi samu ne mai f/1.8, idan ka sa shi a f/2 yana shigar da haske ninki takwas na wancan. Ribar biyu ce: za ka samu saurin shata, kuma 'yan kallo za su narke a baya, wayoyinsu su zama ɗigon haske da ba ya damun kowa. Ni zan ce ka tsaya wajen f/2.8, don mutum biyu kake son su fito, kuma ba kullum suke nisa ɗaya da kai ba. Saurin shata kada ya gaza 1/1000 idan kana son tsayar da naushi, in rana ta ba da dama ka kai 1/2000. Yayin da magariba ke ƙaratowa, ɗaga ISO, wato saitin ƙarfin kama haske na kyamara, kada ka rage shata. Daga 1/250 zuwa 1/1000 ninki huɗu ne, wato in kana ISO 800 sai ka koma 3200. Hoton zai yi yashi-yashi, amma alƙalan hoton wasanni sun saba da wannan, abin da ba sa yafewa shi ne fuskar da ba ta fito ba. Sa fokas a tsarin da ke bin abu mai motsi, ka ɗora ɗigo ɗaya a ƙirji ko fuskar wanda ka zaɓa. Ka bar wa kyamara ta zaɓa da kanta, rigar ɗan kallo mai haske za ta kama.

Kada ka dogara da danna maɓalli ka riƙe. Ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoto biyar a daƙiƙa, a saurin 1/1000, kashi biyar cikin dubu na daƙiƙar kawai ta gani, sauran 995 sun wuce tana rufe. Naushi yana iya sauka ya tashi a tsakanin hoto biyu. Abin da zai cece ka shi ne karanta jiki. 'Yan dambe sukan daɗe a tsugune suna auna juna, hannun gaba yana taɓa hannun gaba. Kalli kafaɗar baya da ƙafar baya, nan motsin ke farawa. Danna lokacin da kafaɗa ta juya. Idan kyamararka mai madubi ce a ciki, kuma ka ga saukar naushin da idonka ta cikinta, to ba ka ɗauke shi ba, don a lokacin ɗauka duhu take yi.

Wani zai ce maka ka gwada rage shata ka bi motsi da kyamara, irin hoton Usain Bolt yana murmushi a gasar Olamfik ta Rio a 2016, wanda Cameron Spencer ya ɗauka a 1/40. Wannan dabara ta mai gudu a layi ɗaya ce. Ajiye ta sai ranar sukuwa ko tseren keke. Dambe ba ya tafiya a layi.

Idan wasan dare ne, akwai abin da zai ba ka mamaki: hotuna biyu a jere, saiti ɗaya, ɗaya ya yi haske ɗaya ya yi duhu, ko launinsu ya bambanta. Kyamarar ba ta lalace ba. Wutar lantarkinmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, fitilu da yawa suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma shata mai sauri tana kamawa. In kyamarar tana da saitin hana ƙiftawa kunna shi, in babu ɗauki da yawa, kuma ka ɗauka da RAW don gyaran launi ya yi sauƙi.

A gaskiya ko da rana da RAW za ka ɗauka, ko RAW da JPEG tare. Gyara kwanan wata da agogon kyamara kafin ka fita, don gasa kan ƙayyade shekarar da aka ɗauki hoto, kuma abin da fayil ya nuna za a duba. Da ka dawo, kwafe komai wuri biyu, kada ka share na gefen wanda ka zaɓa, kuma a kan kwafi za ka yi gyara. Wajen datsewa ka yi lissafi: kyamara mai megafiksel 24 tana ba da fiksel 6000 a 4000. Ka datse rabin tsawo da rabin faɗi, saura 3000 a 2000, wato megafiksel 6 kacal. Idan za a wanke hoton a girman A3 don baje koli, a ma'aunin fiksel 300 kowane inci, ana buƙatar kusan 3500 a 4960. Ajiye fayil ɗin ƙarshe a JPEG mai inganci, a tsarin launin da ake kira sRGB, sai in sun nemi wani. Kada hoton ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto ko sau ɗaya, yana matse shi ya kuma share bayanan kyamara. In dole ne, tura shi a matsayin fayil. Rage hasken allon laftof ɗinka zuwa matsakaici kafin gyara, in ba haka ba abin da ka gani da haske zai fito da duhu a takarda. Kada ka rubuta sunanka ko tambarinka a jikin hoton, yawancin gasa ba sa son alƙalai su san mai shi, wasu ma kan jefar da hoto saboda wannan kaɗai.

Bayanin hoto shi ne inda ɗalibai ke yin sakaci, alhali a dambe yana da daɗin rubutawa. Waye, me ya faru, a ina, yaushe. 'Yan dambe da laƙabi aka san su, Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane, kuma kowa da ɓangarensa, Arewa ko Kudu ko Jamus ko Guramada. Rubuta laƙabin daidai, ka tambayi sunan yanka in ya yarda a sa, ka faɗi ɓangare, da turmi na nawa ne, da yadda wasan ya ƙare, kisa ne ko turmi uku aka yi aka raba. Ka tambaya a filin ka rubuta a take, kada ka bari sai ka dawo gida ka yi ta cinta. Jimla biyu ko uku sun isa, ta ƙarshe ta gaya wa baƙo abin da dambe yake. Ban da waƙa da kirarin kanka, irin su jarumtar Afirka da makamantansu. Alƙali yana son ya san abin da yake kallo.

Nemi yardar wanda ke cikin hoton, ka gaya masa gasa za ka kai, ka karɓi lambarsa. Wasu gasa suna neman takardar amincewa, musamman in hoton tsayawa ne. Yara kan buɗe fili kafin manya, kuma hotunansu kan yi kyau, amma ba tare da izinin iyaye ba ka bar su. In ka wanke hoto ka kai wa ɗan damben nasa, ka ga yadda za a karɓe ka zuwa na gaba.

Takardar sharuɗɗan gasar kuma ka karanta ta daga farko har ƙarshe, da biro a hannu. Duba ko ka cancanci shiga: World Press Photo ta masu sana'ar ce, tana neman shaidar aiki, ita kuwa Sony tana da ɓangaren ɗalibai, amma ta hannun makarantun da suka yi rajista ake shiga, kuma masu gasar ne ke ba da jigon da za a yi aiki a kai. Duba sakin layin haƙƙin mallaka. Gasa ta gari tana barin hoto a hannun mai shi, ta nemi izinin amfani da shi wajen tallata gasar da baje koli kawai. Wadda ta ce duk hoton da aka turo ya zama nata, ko ya ci ko bai ci ba, tara hotuna kyauta take yi, ka bar musu abinsu. Duba kuma da agogon wace ƙasa za a rufe, ka tura da kwana biyu a hannu saboda halin intanet da wuta.

In kuma wani dalili ya hana ka komawa fili, kuma memori bai ba ka na uku ba, to ga hukuncina tsakanin biyun. Idan fuskar ɗan damben ta fito tar a na farko, shi za ka tura. Gwada datsewa ka gani ko hannun zai fita ba tare da ka yanke gwiwar hannu ko ƙafar ɗan dambe ba. In bai fita ba, bar shi a ciki, ka ambace shi a bayanin hoton: ɗan kallo yana ɗaukar wasan da waya. Haka gidan dambe yake a yau, waɗanda ke kallo ta waya sun fi waɗanda suka biya kuɗin ƙofa yawa. Idan kuwa fuskar ba ta fito ba, tura na biyu a ɓangaren hoton mutum in gasar tana da shi, ka rubuta cewa tsayawa ya yi, da sunansa da ɓangarensa da ranar da ka ɗauka.